Tsohuwar akori-kura a wurin gwajin lafiyar mota: me ya fi kayar da ita?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Ina da akori-kura Hilux ƙirar 2006 mai shan fetur, da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye. Yanzu na samu aikin kai wa wani kamfani kaya Abuja, sun ce sai na kawo takardar shaidar lafiyar mota daga wurin gwajin kwamfuta. Injin dai lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ba ni kunya ba. Na ware kuɗi zan yi mata fenti, a kuma wanke inji. Me ya fi kayar da irin waɗannan motoci, don in duba kafin in kai ta?"

Malam, Allah ya sanya albarka a sabon aikin. Kuɗin fentin nan kuwa, mayar da shi aljihu tukuna. Na fi shekara 20 ina kwanciya a ƙarƙashin irin motarka, ban taɓa ganin wadda sheƙin jiki ya fitar a gwaji ba. Injin da kake yabo ma ba ruwansu da ƙarfinsa, abin da ya haɗa su da shi hayaƙi ne da yoyon mai. Su damuwarsu, in an taka mata birki tana tsayawa? In an murɗa sitiyari tana bin inda aka nufa? Da dare tana gani, ana kuma ganinta? Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan, tsufa kaɗai ba kasafai yake kayar da Hilux ba. Dabarun da mu da kanmu muka yi mata su ne ke kayar da ita: wasu don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, wasu don ta kai mu gida ranar da ta lalace a daji, muka iso muka manta.

Tun da hatsi kake ɗauka, ko ban ga motar ba na san an ƙara mata sifirin a baya. Nauyin da kamfani ya yanka wa irin wannan mota wajen tan ɗaya ne, kuma a ciki har da kai direba da yaron mota. Ke nan buhu 8 ko 9 na masara mai kilo 100 ya cika mudu. To, wa ka taɓa gani ya fito daga kasuwar Giwa ko ta Maƙarfi da buhu 10? Sai 18, sai 20, a ɗora masu kaya a sama. Da bayan motar ya fara zama, sai a je wajen mai sifirin ya ƙara falle biyu ko uku, mota ta miƙe ƙyam, kowa ya ce an gyara. Daga ranar matsalar birki take farawa, mai motar kuma ba zai sani ba sai an hau da ita kan na'ura.

Ka shiga ƙarƙashinta ka duba saman aksul na baya. A mafi yawan Hilux na wancan zamani, musamman marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, za ka ga wani ɗan bawul ɗaure a jikin shasi, bututun man birki sun shiga sun fita, ga wani siririn ƙarfe ya taso daga jikinsa ya kama aksul. Aikinsa auna nauyi. In mota ba kaya, bayanta ba nauyi, da za a sakar wa tayoyin baya cikakken ƙarfin birki da sun ƙame sun ja ƙasa, mota ta juya ta kalli inda ta fito. Shi ya sa bawul ɗin yake rage musu ƙarfi. In an yi lodi, bodi ya sauko kusa da aksul, siririn ƙarfen nan ya tura bawul ya buɗe, birkin baya ya samu cikakken rabonsa. Yanzu ka ƙara falle uku, bodi ya yi sama da inci biyu ko uku. A lissafin bawul, motar nan kullum wayam take. Ko buhu 15 ka ɗora mata, da ƙyar za ta sauko inda take tsayawa a da ba kaya. Birkin gaba shi kaɗai ya rage da ɗawainiyar mota da kayanta.

Alamar a fili take in ka yi tunani. Fad ɗin gaba yana cinyewa duk wata biyu ko uku, faifan birkin ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, lainin baya kuwa, wato takalmin birkin da ke cikin diram, shekara uku ba a taɓa shi ba, har mai mota yana alfahari wai na asali ne. Ba ƙarko gare shi ba, zaman kashe wando yake yi.

A wurin gwaji za a ɗora tayoyin gaba a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, a ce a taka birki, kwamfuta ta rubuta ƙarfin kowace taya daban. Sai a matso da na baya, sai birkin hannu. Kuma wayam ake kai mota, lokacin da bawul ɗin ya fi kowane lokaci rowa. Nan za ka ga lambar baya ta fito 'yar mitsitsiya, jimillar ta kasa. Gyaran ba shi da tsada: ko a cire ƙarin sifirin, ko a ɗaga maƙalar siririn ƙarfen a jikin aksul daidai da tsawon da bodi ya ƙaru, a kuma tabbatar bawul ɗin bai ƙame da laka da tsatsa ba. Abin da ba na yarda a yi a garejina shi ne a cire bawul ɗin ɗungurungum a haɗa bututu kai tsaye. Lamba za ta yi kyau a kwamfuta, ba musu. Amma ranar da ka taso daga Abuja ba kaya, ruwa ya jiƙa kwalta, ka taka birki da ƙarfi, bayan motar zai riga gabanta.

Bayan ƙarfi sai daidaito, wato hagu da dama su kama kusan ɗaya. A Ingila, inda suka daɗe da wannan gwaji, in bambancin tayoyi biyu na aksul ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100 mota ta faɗi, birkin hannu kuma dole ƙarfinsa ya kai kashi 16 cikin 100 na nauyin motar. Ka riƙe waɗannan lambobi a matsayin ma'auni, za su taimake ka karanta takardar da za a ba ka.

Abin da ya fi kawo bambancin nan a bayan akori-kura man giya ne. A ƙarshen aksul ta kowane gefe akwai sil da ke tare man kada ya fito. In ya mutu, mai ya silalo cikin diram ya jiƙa lainin, taya ta daina kamawa. Leƙa ta cikin tayar baya: in ka ga danshi baƙi ya kama ƙura a jikin farantin bayan diram, ko feshin mai a cikin rim, ga wari irin na farar wuta, to shi ne. Yawancin 'yan gareji sil kawai suke canzawa, wata biyu ya sake yoyo. Dalili biyu ne. Na farko boris ɗin tayar ya yi wasa saboda lodi, shi yake cinye sil ɗin. Na biyu kuma wani ɗan ƙaramin hanci ne a saman aksul wanda iska ke fita ta cikinsa in mai ya yi zafi. Hanyoyin ƙauye da damina sukan toshe shi da taɓo, iska ta rasa mafita, ta bi ta sil. Minti biyar ya isa a kwance shi a wanke, amma ba mai tunawa da shi. Lainin da ya sha mai kuma kada ka yarda a wanke maka shi da fetur a cinna masa wuta a mayar. Man yana can ciki, da ya ji zafi zai sake tsattsafowa. A canza, kuma na gefe biyun tare.

Bara waccan wani ya zo min da takardar gwaji a hannu, ransa a ɓace, wai na'urarsu ce ta lalace don ta rubuta sifili a tayar baya ta dama. Na ɗaga motar, na sa yaro ya danne birki iya ƙarfinsa, na kama tayar da hannu ɗaya na wulwula ta. Ba abin da ya tare ta. Muka bi bututun da tocila, sai ga shi dab da diram an lanƙwasa shi an daddoke da guduma, ya baje kamar karan da mota ta taka. Sai a lokacin mutumin ya dafe kai. Ashe silindar tayar ta taɓa yoyo da daddare a hanyar ƙauye, wani bakanike ya kashe layin don su samu su iso gari, da niyyar gobe a gyara. Goben nan ta shekara biyu. Wasu ma ƙusa suke cusawa a mahaɗar bututun su ɗaure, daga waje ba za ka ga komai ba. Don haka gwajin farko da za ka yi kyauta ne: a ɗaga kowace taya, a taka birki, ka gwada juya ta da hannu.

Birkin hannu kuwa, mu masu akori-kura mun daɗe da sallamar sa, mun naɗa yaron mota da dutse a madadinsa. Na'ura ba ta san dutse ba. Wayar kan ƙame a cikin rigarta don rashin amfani, ko gefe ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi. A fara saita lainin a cikin diram, sannan a ja waya. In aka fara da waya, hannu zai yi tauri amma taya ba za ta kama ba.

Man birki ma ka duba launinsa. In ya koma kamar baƙin shayi a zubar da shi duka a sa sabo. Man nan yana shan danshin iska: irin mai lamba DOT 3 in sabo ne sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 140 ma ya tafasa, in ya tafasa kuma sai ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba komai. Duk wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da lodi ya san abin da nake nufi. Masu zuba ruwan omo a tukunyar birki kuwa, in an taɓa yi wa taka, to silinda da kalifa duk sai an buɗe, don tsatsa ta riga ta yi gida a ciki. A gaba, abin da ya fi yawa shi ne fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya bushe, fad ɗaya ya cinye ɗaya yana nan sabo, sai kuma robar bututu da ta tsattsage.

Mu dawo sitiyari. Motarka ta 2006 rak gare ta, wato sandar ƙarfe mai haƙora da ke karkata tayoyin gaba, ba irin na tsofaffin da ke da akwatin sitiyari da hannaye barkatai ba, don haka wuraren wasa kaɗan ne: tayarod na ciki da na waje, bol-join na sama da na ƙasa, bushin, sai boris. Ɗaga tayar gaba, ka kama ta hagu da dama ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, tayarod ne. Ka kama ta sama da ƙasa. In ta yi wasa, bol-join ne ko boris. Ka sa ƙarfe a ƙarƙashin tayar ka ɗaga, wani yana kallon bol-join na ƙasa. A wurin gwaji akwai faranti da ke jijjiga tayar, ma'aikaci yana cikin rami da fitila, ba abin da zai ɓuya. Bol-join na ƙasa shi ne wanda ba na wasa da shi. Shi ne wanda in ya fita za ka ga mota ta durƙusa a tsakiyar titi, taya ta kwanta a ƙarƙashinta. Akwai masu daddoke shi da guduma ya matse, ko su cusa masa roba, wasan ya ɓace na sati biyu. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka sayi mai kyau, in robar da ta rufe shi ta yage ma a canza, don yashi ya riga ya shiga.

Akwai kuma wani faranti da mota ke bi ta kai a hankali, yana auna yadda taya ke turawa gefe. A Japan iyakarsa mita 5 a kowace kilomita. Alaimen ne maganinsa, amma shi ne aikin ƙarshe. Mutane da yawa sukan fara da shi, sannan a canza tayarod, kuɗin ya tafi a banza.

A baya ka ƙirga fallayen sifirin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karye aka naɗe da robar tsohon tib, a cire. Ka duba notunan da suka ɗaure sifirin da aksul, da ƙusar tsakiya da ta riƙe fallayen. In ta karye aksul yakan goce gefe ɗaya, ka ga mota tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, direba bai sani ba sai na bayansa. Shokozoba mai yoyo faɗuwa ce kai tsaye, kuma motar da aka ɗaga bayanta tana kashe shi da wuri, don kullum a miƙe yake har ƙarshe.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanonin taya sun fi haka sassauci, amma ba da su za ka yi magana a wurin gwaji ko a kan hanya ba. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6, akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen, in sun zo daidai da fuskar taya ta ƙare. Kumburi a gefe, tsagewa, waya a waje, duk ba sai an faɗa ba.

Abin da mutane ba su cika dubawa ba shi ne ƙarfin ɗaukar tayar. Ta akori-kura za ka ga harafin C ko LT a jikinta, kamar 205R16C, da lamba irin 110, wadda ke nufin kilo 1,060 a taya guda. Ta ƙaramar mota mai lamba 94 kilo 670 ne iyakarta. Sai ka ga an saya wa motar hatsi irin wannan a gwanjo don girmanta ya yi daidai da rim. Cikin gwanjon ma akwai tayoyin da aka yi don ƙanƙarar Turai, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu taushi gare ta, kwaltar Afrilu cinye ta take kamar tuwo. Akwai kuma waɗanda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi. Tayoyi biyu na aksul ɗaya su zama girma ɗaya, notuna su cika, ko ɗaya kada ya ɓace. Safaya da ke rataye ƙarƙashin bodi ka sauko da ita yau ka gani. Sau da yawa sarƙar ta ƙame, tayar kuma ba iska tun zamanin mai motar na farko.

In ana maganar yawa, fitilu sun fi komai kayar da mota, kuma su suka fi arha. Ka sa wani ya tsaya a baya ka bi su ɗaya-ɗaya: birki, sigina, ribas, fakin, da 'yar fitilar lamba wadda kowa ke mantawa. In ka taka birki ka kunna sigina sai ka ga fitilun baya duk suna lumshewa tare kamar na gidan biki, ba ƙwan ba ne, wayar da ta kama jikin mota ce ta yi tsatsa. A akori-kura bodin baya daban yake da kan mota, don haka wannan ciwo ya zama ruwan dare. Rewaya ya kankare wurin ya ɗaure, shi ke nan. Murfin fitilar da ya fashe aka liƙe da jar leda a canza shi.

Fitilar gaba tana da wani sirri. Da daddare ka fuskanci bango daga nisan taku shida ko bakwai a wuri mai daidai, ka kunna dim. Za ka ga hasken ya yanke a miƙe ta hagu, ya ɗan hau sama ta dama. Haka ya kamata, don tun Afrilun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya: hasken ya haska maka gefen hanya, ya kauce wa idon mai tahowa. In ka ga ta hagu ya hau, to fitilar ta ƙasar masu bin hannun hagu ce. Irin Hilux ɗinka an ƙera ta da yawa a Thailand da Afirka ta Kudu, duk kuma hagu suke bi, haka Japan da Ingila, fitilunsu na gwanjo sun cika kasuwa. Saiti ba ya gyara wannan, sai canji. Ƙwan LED da ake cusawa a gidan da aka yi don ƙwan H4 shi ma watsa haske yake ko'ina, na'ura ta rasa inda layin yake. Ka mayar da H4 mai 60/55, a goge gilashin in ya yi hazo, a saita bayan an gama aikin sifirin, don tsayin baya yana canza inda fitila ke kallo.

Fitilun gargaɗi na gaban direba kuma, in ka murɗa makulli dole su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wanda aka cire wa ƙwai don ya daina damun mutane ba zai kama ba sam, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa wannan yake jira ya gani.

Shasi ba ya yawan kayar da motar da ta yi rayuwarta a Arewa, amma in ya kayar, ya kayar da gaske. Ruɓewa ciwon motocin ƙasashen sanyi ne, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. A Amurka abin ya kai a 2008 Toyota ta riƙa sayen akori-kurarta Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda shasi ya ruɓe. Don haka in motarka 'yar Kwatano ce, ka bi shasin da ƙaramar guduma: ƙarfe mai lafiya ƙara yake, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo yana zubowa. Namu gishirin a cikin bodi muke zuba shi: takin zamani, kanwa, gishirin kansa, da fitsarin dabbobi in ana kai raguna kasuwa. Su ke cin ƙasan bodi da ƙarafan da ke ƙarƙashinsa. Sai kuma tsagewa, wadda lodi ke kawowa. Duba inda sifirin ya rataya a shasi, da tsakanin kan mota da bodi, nan ne take lanƙwasa. In an samu tsaga, walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa ba ta riƙewa, gefenta zai sake tsagewa. Sai an ɗora faranti mai tsini ta gefe biyu ya haye wurin. Kada a cike da fila a shafe da baƙin fenti. Sabon baƙin fenti a tsohon shasi kiran ma'aikaci yake ya zo ya ƙwanƙwasa. Mai walda kuma ya nisanci inda lambar shasi take.

Yanzu ga injin naka. Za a cusa wani tsinke a bakin salansa a auna abin da ke fita. Tambayata ta farko, indomin motar tana nan? Haka 'yan gareji ke kiran wancan abu mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa, wanda ke ƙone gubar hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa ake fasa tukunya a kwashe a sayar, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ya kai gyaran wani abu ne daban. Ta biyu, tamostat yana nan? Mun ɗauki al'adar cire shi wai ƙasarmu da zafi. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82. In babu shi, musamman da sanyin hunturu, inji ba ya kai zafinsa, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur. Ga shan mai, ga hayaƙi. Ka mayar da shi, ka canza matatar iska da fulogi, a toshe duk hujin da ke jikin salansa. Ranar gwaji kada ka kai ta da sanyi, ka yi tafiyar rabin awa tukuna. Masu motar gas kuwa, wato dizal, baƙin hayaƙinsu daga matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe yake, ko nozul, ko famfon da aka buɗe wa mai don ta ja lodi.

Wankin injin da ka ce, yi shi, amma mako guda kafin gwaji. Amfaninsa ka ga daga ina mai yake fitowa. Gumi kaɗan a tsohon inji ba abin tashin hankali ba ne. Mai ɗiga ƙasa, ko na sitiyari, ko fetur, shi ne matsala.

Sauran ƙananan abubuwa ka bi su da kanka da yamma ɗaya: gilashin gaba in tsagar ta ratsa gaban direba, waifa da ruwanta, hon, madubai, bel ɗin kujera ya shiga ya kama, ƙofofi su buɗu ta ciki da waje, murfin baya ya rufu da sakatarsa ba da igiya ba, batir a ɗaure ba a tokare da katako ba. Ka tafi da abin kashe gobara wanda bai ƙare aiki ba, da alamar nan mai kusurwa uku, da jak da sifana. In lambar haya gare ta ka tuna tun Fabrairun 2017 FRSC take neman na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke takarda. In an taɓa sauya inji, a gyara takardar tukuna. Fentin ma in lokacinsa ya zo, ka bar ta a launin da ke rubuce, in ba haka ba ka jawo wa kanka wani zuwa ofis.

Za ka haɗu da mai ce maka kawo kuɗi a kawo maka takarda har gida, mota ba ta motsa ba. Irin wannan ne ya sa Legas ta kafa doka daga Janairun 2022 cewa ba gwaji, ba takarda. Wani kuma zai ce ai kotu ta hana 'yan VIO tare motoci a Abuja. Hukuncin na Oktoban 2024 a kan tare mota a hanya da kama ta da cin tara yake, kai kuwa kamfani ne ya nemi takarda, kuma yana iya bincikar ta. Ni dai a ganina kuɗin gwajin nan shi ne mafi arhar kuɗin da za ka kashe, don ba garejin da na sani a unguwa da ke da na'urar da za ta faɗa maka ƙarfin birkin kowace taya.

In kuɗin bai isa komai ba, ka fara da birkin baya da bawul ɗinsa, sai bol-join da tayarod, sai taya, sai fitilu, alaimen a ƙarshe. In kuma ta faɗi a karon farko, kada ka yar da takardar da kwamfuta ta fitar. Ka tambaye su kwana nawa suke bayarwa a gyara a dawo, ka kai wa bakanikenka ita ya yi aiki da lambobin maimakon cankar da ya saba. Ka turo min lambobi huɗu na birki, gaba hagu da dama, baya hagu da dama, tare da adadin fallayen sifirin da ka ƙirga a kowane gefe, zan faɗa maka tayar da za a fara kwancewa.